Littafi a Aljihun Soja: Me Za Mu Zuba a Allon da Za Mu Aika?

Wani yayana, ɗan baffana ne, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur. Da ya dawo gida hutu muka zagaye shi a zaure, kowa na jiran labarin harbe-harbe. Na tambaye shi, "Yaya, me ya fi ba ku wahala a can?" Na ɗauka zai ce ƙarar bindiga ko zafin rana. Sai ya yi dariya ya ce, "Zaman jira, ƙanena." Ya ce awa biyu ta sintiri ba ta kai awa goma ta zaman tanti nauyi ba. A tantinsu littafin Hausa guda ɗaya tal suke da shi, na soyayya, wanda wani ya taho da shi daga Kano, kuma shafukan ƙarshe sun yage tun kafin ya iso hannunsa. Sau uku ya karanta shi. Har yau bai san ko an ɗaura auren ba.

Wannan hira ce ta faɗo mini a rai kwanakin baya a ɗakin kwananmu, da wani abokinmu ya kawo shawarar cewa ɗalibai su haɗa kuɗi a sayi allunan karatu na lantarki a aika wa sojojinmu da ke aiki a ƙasashen waje. Wasu suka ce ai soja harsashi yake buƙata da albashi a kan kari, ba littafi ba. Wasu suka ce ai kowa na da waya. Duka maganganun biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, amma kafin a yanke hukunci ya kamata a san mene ne allon, me ya sa ake ba sojoji shi a wasu ƙasashe, kuma ina gizo ke saƙar idan aka zo kanmu.

Mu fara da cewa abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kayan aikin ne kawai suka canja. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, Turawan Ingila sun kwashi dubban samari daga Arewa zuwa Indiya da Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da sojojin Japan a dazuzzukan Arakan daga 1943 zuwa 1945. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a jikin barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas. Barikin Chindit na Zariya ma daga wata rundunar yaƙin Bama ya samo sunansa. A wancan lokaci jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, tana isa hannun waɗannan sojoji, su kuma suna rubuto mata wasiƙu. Ka yi tunanin mutumin Zango ko Baure a ƙarƙashin ruwan saman Bama, ana karanta masa labarin gida da harshen da ya tashi da shi. Da yawa daga cikin 'yan mazan jiya a soja suka koyi karatun boko.

Tun daga nan tafiyar ba ta tsaya ba. Kwango a 1960 (daga can barikin Bukavu na Kano ya samo suna), Labanon a 1978, Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, sai Saliyo, Darfur daga 2004, Mali a 2013, Gambiya a 2017. Ga kuma rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena. Da wuya ka sami unguwa a masarautar nan da ba ta da ɗa a cikin kaki.

To, mene ne shi allon karatun? A ido kamar ƙaramar waya ce mai faɗi, amma fuskarsa daban take. Fuskar waya fitila ce, haske take watso maka a ido, shi ya sa take shan caji kuma ba ka ganin komai idan ka fita rana. Fuskar allon karatu kuwa cike take da ƙananan ƙwayoyi, kowace da ɗigon farin launi da na baƙi a cikinta. Idan ka juya shafi, wutar lantarki 'yar kaɗan ce ke tura baƙaƙen sama inda harafi zai fito, fararen su cike sauran wurin. Da zarar shafin ya zauna, shi ke nan, ba ya ƙara cin wuta sai ka sake juyawa. Wannan dabara daga jami'ar MIT ta Amurka ta fito a shekarun 1990, kuma ita ce ke cikin Kindle da kamfanin Amazon ya fitar a 2007, da Kobo da sauransu. Saboda haka caji ɗaya kan yi makonni, kuma ƙarƙashin tsakar rana ma ya fi fitowa tas, kamar takarda. Littafin labari guda bai cika wuce girman hoto ɗaya na waya ba, don haka allo ɗaya na ɗaukar dubbai. Ga wanda ke sansanin da janareta ke aiki awa kaɗan a rana, kuma kayansa duk a bayansa yake goyo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma babban dalilin da ya sa allon ya fi waya a wurin soja ba caji ba ne, tsaro ne. Waya tana da kyamara, tana da na'urar nuna inda mutum yake, tana hira da intanet ko da ba ka sani ba. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna zanen sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji na gudun safe da na'urorinsu a kunne. Ba wanda ya yi niyyar tona asiri, amma asiri ya tonu. Shi ya sa lokacin da rundunar ruwan Amurka ta so ba ma'aikatan jiragenta na ƙarƙashin teku abin karatu a 2014, ba ta je kasuwa ta sayi Kindle ba. Ta sa an ƙera mata nata mai suna NeRD: babu kyamara, babu hanyar shiga intanet, babu ramin sa katin ajiya. An zuba littattafai 300 a ciki an rufe, ba a ƙarawa ba a ragewa. Wato sun ɗauki na'ura sun rage mata wayo da gangan. Mu da ke karatun fasaha, kullum ana koya mana ƙara wa na'ura abubuwa. Ga inda gwaninta ta zama cirewa.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗi na farko. Ba a tashi haka kawai a ɗauki kayan lantarki a miƙa wa soja a bakin ƙofar bariki. Rundunar ce za ta ce ga irin na'urar da ta yarda da ita, ga wanda zai duba ta, ga hanyar da za ta bi. Muna da bataliya ta 171 a nan Daura, akwai birged ta 17 a Katsina, akwai cibiyar Martin Luther Agwai a Jaji inda ake horar da dakaru kafin a tura su aikin kiyaye zaman lafiya, akwai kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa. Duk mai wannan niyya, takarda zai fara rubutawa ta hannun hukumar makaranta, ya jira amsa. Idan aka ce a'a, a'a ce.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A ce an ba da izini, an sayi alluna hamsin. Me za a zuba a ciki?

Amurkawa sun taɓa faɗawa wannan rami. A 1942 suka yi gangamin tara wa sojojinsu littattafai daga gidajen jama'a. An tara miliyoyi, amma kaso mai yawa bai yi amfani ba: tsofaffin littattafan makaranta, manya masu nauyin bulo, abubuwan da masu su ke neman inda za su zubar. Kyauta ce ta share ɗaki. Daga baya, a 1943, masu buga littattafai da rundunar suka haɗu suka fara buga wasu na musamman, ƙanana daidai aljihun kaki, aka zaɓi abin da samari za su so karantawa: labaran ban dariya, na kaboyi, na bincike, tarihi, waƙoƙi. Kafin a rufe shirin a 1947 an raba kwafi sama da miliyan 120. Bambancin gangamin farko da na biyu shi ne a na biyun an tambayi mai karatu.

Yanzu duba namu halin. Idan ka sayi Kindle yau, kantin Amazon cike yake da Turanci, na Hausa kuwa sai ka tona. Littattafanmu suna wani wuri daban: a shagunan kasuwa, a rukunonin WhatsApp, a Wattpad, a manhajoji irin su ArewaBooks, da cikin katin wayar da masu tura fina-finai ke cika maka a bakin tasha. Waɗanda ke yawo a waya kuma yawancinsu ba a tsara su don allon karatu ba. Wasu hoton shafi ne aka ɗauka a karkace aka haɗa a PDF, wanda a fuska mai inci shida sai ka yi ta ja da matsawa har ka gaji. Tsarin da ya dace shi ne EPUB, inda rubutu ke bin girman fuska, mai karatu ya ƙara girman harafi yadda idonsa ke so. Sannan ga matsalar haruffanmu masu ƙugiya. Idan salon harafin da ke cikin allon bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ka ga ɗan akwati a madadinsu, ko kuma mai buga rubutun ya watsar da ƙugiyar gaba ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Wanda ya fi sabawa da ajami kuwa, nasa aikin ya fi haka wuya.

Akwai wani tarko ga masu cewa a tara tsofaffin alluna daga 'yan uwa da ke Turai. Littattafan da aka saya a kantin Amazon a ɗaure suke da asusun mai saye. Ranar da ya cire sunansa daga allon don ya bayar, yawancinsu sun tafi tare da shi. Abin da zai iso Daura fanko ne. Kuma fuskar allon gilashi ne siriri ƙwarai. Ƙungiyar Worldreader da ta raba irinsu a makarantun Ghana daga 2010 ta sha fama da fashewarsu a jakunkunan yara. Jakar soja ba ta fi ta ɗan firamare tausayi ba, saboda haka kuɗin riga mai tauri na cikin lissafi.

Sai maganar haƙƙi, wadda mu ɗalibai muka fi kowa iya kau da kai daga gare ta. Marubuciyar da ta kwana tana rubutu a Kano ko Katsina, da kuɗin littafin take cefane. Kwafe aikinta a zuba a alluna hamsin ba da saninta ba sata ce, ko da sojan da ke bakin daga za a ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi kwafin lantarki kamar yadda ta shafi na takarda. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja ma suna da masu haƙƙinsu. Hanyar ita ce a nemi marubutan da kamfanonin, a gaya musu ga adadin alluna ga inda za su, a nemi izini a rubuce. Ina kyautata zaton da yawa za su bayar, wasu ma kyauta, in dai an tambaye su da mutunci.

A nan ne nake ganin rabonmu yake. Gaskiya kuɗin sabon allo ɗaya ya fi abin da yawancinmu ke ci a wata, kuma idan muka ce da kuɗi za mu yi gasa, ba za mu je ko'ina ba. Amma wa ya fi mu iya zama a gaban kwamfuta a buga littafi, a gyara ƙugiyoyinsa, a mayar da shi EPUB da manhajar Calibre wadda kyauta ce, a gwada shi a fuska ƙarama? 'Yan sashen lantarki kuma za su iya haɗa ƙaramin abin caji mai aiki da hasken rana. Wannan aikin kammala karatu ne mai kyau, ya fi kwafo na 'yan shekarar da ta wuce a canja suna. Kuma tarin da aka haɗa ba zai ƙare a kan sojan da ke Gambiya kaɗai ba. Wanda ke kwance a asibitin sojojin sama na nan Daura, da wanda ke gadi a kan iyakar Kwangwalam, duk zaman jiran nan ɗaya suke yi.

Kada kuma mu manta rundunar Najeriya ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A tanti ɗaya akwai Bayarabe, akwai Ibo, akwai Tibi, akwai Musulmi akwai Kirista. Allon da za a aika dole ya ɗauki na kowa: labarai da Turanci da sauran harsuna, littattafan addini na ɓangarorin biyu, da darussan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, waɗanda take sakawa a shafinta kyauta, don masu son ci gaba da karatu daga inda suke.

Da na koma gida hutun da ya wuce na kai wa yayan nan nawa maganar. Na ce, "Yaya, in da a ce an ba ka irin wannan allo a Darfur, me za ka so a sa maka?" Na zaci zai ce littattafan yaƙi. Ya ce a'a, yaƙi ai yana gabansa. Ya lissafa tatsuniyoyi, da tarihin Bayajidda da rijiyar Kusugu don ya riƙa ba abokansa 'yan Ruwanda labarin garinsu, da littafin koyon kiwon kaji saboda ranar ritaya. Sai ya ɗan yi shiru, ya ce in kuma mun samo wancan na soyayyar, mu tabbata da shafukan ƙarshe a ciki.