Layipo: Hasumiyar Da Ke Kan Dutsen Badun

Mu mutanen Tafoki da kewaye ba sai an koya mana amfanin dutse ba. Kakanninmu na ƙasar Faskari da Ƙanƙara sun san wanda ya hau bisa shi ke fara hangen ƙurar mahara. A birnin Katsina kuwa, hasumiyar Gobarau ce ta yi wannan aiki, ban da kiran salla. Amma akwai wata irin hasumiya dabam wadda ba don tsaro ake gina ta ba, sai don tunawa da wani mutum. Wadda ta fi suna a Nijeriya tana Badun, watau Ibadan, labarinta kuwa ya shafi Hausawa fiye da yadda yawancinmu suka sani.

Tana kan dutsen Oke-Are, ɗaya daga cikin tuddai mafi tsawo a birnin. Tsawonta ƙafa 60 ne, watau ta ɗara Gobarau da misalin ƙafa 10. Kusurwa huɗu gare ta, kowane gefe ƙafa 11 kacal, da ƙofofi biyu. To, ɗakin da bai fi ƙafa 11 ba, yaya za a sa masa matakalar da za ta kai mutum ƙafa 60? Idan aka miƙe ta, wuri ba zai isa ba. Saboda haka aka naɗe ta a ciki kamar gammo, mai hawa ya yi ta kewayawa har ya ɓulla sama. Daga nan ne Yarbawa suka laƙaba wa hasumiyar suna Layipo, watau abin da ke kewaye-kewaye. Har suna da wata magana da suke yi wa mai cika baki, wai Badun ka sani, ba ka san Layipo ba.

Injiniyan da ya tsara ginin wani Bature ne mutumin Wales, ana ce da shi Taffy Jones. Shi ne kuma ya yi aikin babban ɗakin taro na Mapo, wanda aka gama a 1929. En'e ta Badun ce ta ɗauki nauyin hasumiyar, watau da kuɗin harajin talakawa aka gina ta. An buɗe ta a watan Disamba na 1936, da sunan Kyaftin Robert Lister Bower, Razdan na fari a Badun. Shi kansa bai gan ta ba, gama ya rasu a 1929, bayan ya yi shekara 30 da ɗoriya yana shugaban 'yan sanda a wani yanki na Yorkshire a Ingila. Ɗansa ne, wani hafsan sojan ruwa kuma ɗan Majalisar Ingila, ya zo bikin.

Me Bower ya yi har aka girmama shi haka? Sai mun koma baya kaɗan. Badun ta fara ne a matsayin sansanin yaƙi wajen 1829, ta yi ƙarfi har ta mallaki garuruwan Yarbawa da yawa. A 1877 aka soma wani dogon yaƙi tsakaninta da Ekiti da Ijesa da abokansu, wanda ake kira Yaƙin Kiriji saboda ƙarar manyan bindigogi. Shekara 16 ana abu guda. Sarkin yaƙin Badun, Are Latosa, a sansani ya mutu a 1885. Gidansa kuwa yana Oke-Are ɗin nan, ma'anar sunan ma ke nan, tudun Are. A 1893 Gwamna Carter na Ikko ya kewaya ƙasar, aka watse sansanonin, a watan Agusta kuma Badun ta sa hannu ta karɓi Razdan da sojoji. Bower ya riƙe wannan aiki daga 1893 zuwa 1897. An buɗe hanyoyi, fatake suka samu wucewa, aka koma gona. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda ya taɓa kwana da ido biyu saboda tsoron hari ya san darajarsa.

Amma fa ba Bower ne ya fara neman sulhun nan ba. Tun a 1886 waɗansu ma'aikatan ikilisiya biyu, Yarbawa, Samuel Johnson da Charles Phillips, suka yi ta kai da kawowa tsakanin sansanonin da saƙon Gwamnan Ikko, har aka sa hannu a kan yarjejeniya a shekarar. Ba ta kashe wutar duka ba, amma ita ce ta share fage. Johnson ɗin nan shi ne ya rubuta babban littafin tarihin Yarbawa da aka buga a 1921. Ba Hausawa ba ne, amma ya kamata yaranmu na makarantun ikilisiya su san sunayen nan biyu.

Sa'an nan ga sojojin. Mutum guda ba ya riƙe ƙasa da sanda. Ƙarfin Bower sojan Hausa ne na Gwamnatin Ikko, rundunar da wani Bature mai suna Glover ya kafa a 1863, wadda daga cikinta sojan Nijeriya ya samo asali. Da yawansu bayi ne 'yan Arewa da suka gudu daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Ba dukansu ne Hausawa ba, amma Hausa ce harshen bariki, sai sunan ya bi su. Su ne suka yi gadi, su ne suka yi tafiyar ƙasa cikin kurmi, su ne kuma aka tura duk inda aka ƙi jin magana.

A nan ne labarin ya yi ɗaci. A watan Nuwamba na 1895 Bower ya yi saɓani da Alafin Adeyemi na Oyo a kan wani hukunci mai tsanani da aka yi wa wani mutum bisa al'adar ƙasar. Alafin ya ƙi sauka, Bower ya sa aka buɗe wa garin wuta. Aka yi ɓarna, Alafin ya ji rauni ya fice daga fada. Mutanen Oyo suna kiran abin Ogun Pepe, wai saboda ƙarar harsasai. Ba abin alfahari ba ne a ce 'yan Arewa suna cikin masu riƙe da bindigogin, amma haka aka yi.

To, me ya sa sai bayan shekara 39 da tafiyarsa aka tuna da shi? Ga abin da ya faru a tsakani. Wani Razdan mai suna Kyaftin Ross, wanda ya riƙe Lardin Oyo daga 1914 zuwa 1931, ya ɗaukaka Alafin ƙwarai, ya sa Badun a ƙarƙashinsa. Mutanen Badun sun ji zafin wannan, su da a dā suka fi kowa ƙarfin yaƙi. Sai a 1934 suka sami En'e tasu mai cin gashin kanta, a 1936 kuma sarkinsu ya bar sarautar Bale ya zama Olubadan. Cikin wannan shekara ce aka tsai da hasumiyar. A ganina ba Bature kaɗai suke tunawa da shi ba. Suna tuna zamanin da Razdan yake zaune a garinsu, ba a Oyo ba, suka kuma kafa shaidar a inda kowa zai gani. Ban da shakka mutumin Oyo da ya hango ta a lokacin, wani abu dabam ya karanta.

Wanda ya daure wa jiri ya kai sama, zai ga birnin ta kowace fuska, rufin kwano mai tsatsa har iyakar ganin ido. Ga ɗakin Mapo a kan nasa tudun. Ga dogon benen nan na Cocoa House da aka gama a 1965 da kuɗin koko, ga kuma babban Asibitin Koyarwa da aka buɗe a 1957. Idan ya juya wajen Mokola, can ne unguwar Sabo take, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Su kuwa ba da bindiga suka zo ba, shanu suka kawo daga Arewa, suka riƙa komawa da goro, jikokinsu suna nan har wa yau.