Daga Kadawa Zuwa Duwatsun Riruwai



Wanda ya tsaya a bakin kanal a Kadawa ya waiga gabas da yamma, ba abin da zai gani sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: shinkafa, tumatir, alkama, har iya ganin ido. To amma ruwan nan da manoman Kura da Bunkure da Garun Malam ke jawowa cikin fangalinsu da guntun tiyo, daga tudu ya gangaro. A yau can za mu hau.

Daga Kura sai Kwanar Ɗangora, a karya zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore. Da an shiga ƙasar Doguwa, duwatsun Riruwai za su tare maka gaba. Nan ne ƙasa ta fi tudu a duk Jihar Kano, domin ƙololuwarsu ta haura mita 1,000. Mota na da iyakarta, sauran aikin na ƙafa ne, a turbar da masu itace da makiyaya suka fitar. Mai niyyar hawa ya yi sammako, ya kuma nemi ɗan gari ya shige masa gaba. In da hunturu ne, kada ya raina sanyin wurin.

A gindin duwatsun akwai garin Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, da ƙauyuka irin su Zainabi mai ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Tun kafin zuwan Turawa mutanen nan ke narka kuza, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake na ɗauka zuwa kasuwanni. Yau masara ce ta fi riƙe gidajen yankin.

Ruwan saman da ya sauka a wannan yanki, rafuka ke kwashe mafi yawansa zuwa Kogin Kano, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Shi ya sa nake ganin saran itace da ƙona gawayi a can ba matsalar mutanen Doguwa ba ce su kaɗai. In tudu ya rasa bishiya, ruwa zai wanko ƙasa, yashi ya cike dam, kuma manomin Bunkure ne zai kwana a bakin kanal cikin watan Maris yana jiran a sako masa ruwa.