Auna na'ura kafin girka Solr

Solr manhaja ce ta kyauta ta binciken rubutu, wadda gidauniyar Apache ke kula da ita tun 2006. Cibiyar yaƙi da jahilci da ke son girka ta a Yamai kada ta yi gaggawar sayen kwamfuta. A fara zuba kashi 1 cikin 10 na takardun, a auna girman fihirisar da ta fito, a ninka sau 10.

A ganina RAM ya fi komai muhimmanci. Kada a bai wa Java fiye da rabinsa, domin a cikin sauran ne na'urar ke riƙe fihirisar. Faifai kuwa ya ɗauki ninki 3 na fihirisar, saboda lokacin haɗe gutsattsarinta. A tanadi batirin ko-ta-kwana da abin sanyaya ɗaki: a watan Afrilu zafin Yamai kan wuce digiri 40, wuta kuma tana yawan ɗaukewa.