Ɗanka na son ya ƙera maka manhajar kanti: tambayoyin farko da amsarsu

A yau idan mutum ya zagaya Babbar Kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako da Wadata a Yamai, zai ga kwamfuta ta fara samun wurin zama a kan teburin masu magaza, kusa da kayen bashi da kalkuleta. A gidaje da yawa kuma akwai yaro ko yarinya da ya gama lise, ko yake jami'a, wanda wata rana zai ce: "Baba, bari in yi maka manhaja ta lissafin kanti", ko "Inna, ki bar wahalar kaye, zan sa miki komai cikin ordinatar." Uban sai ya tsaya yana tunani, shin abin nan zai yi amfani, ko kuwa kuɗin kuran da lokacin yaro ne za su tafi a banza? Shi kuma yaron, da ya zauna gaban na'urar, sai tambayoyi su taso masa. Irin waɗannan tambayoyi suna zuwa mana a gidan rediyo, shi ya sa muka tattaro manyansu a nan, domin iyaye su san abin da ɗiyansu ke fama da shi, su kuma gane cewa rabin amsar a hannunsu take.

Mece ce manhajar tebur?

Manhaja, wadda samari ke ce ma lojisiyel, jerin umarni ce da mutum ya rubuta ma kwamfuta. Akwai wadda ke zaune cikin salula, akwai wadda sai an shiga intanet ake ganinta, akwai kuma wadda ake girkawa cikin kwamfutar kanti ta zauna nan kamar awo a kan tebur. Wannan ta ukun ita ce manhajar tebur, irin Word da Excel. Amfaninta ga ɗan kasuwarmu a fili yake: ba ta jiran rezo, ba ta cin kuɗin haɗi, kuma asirin cinikinka yana cikin kantinka.

Kowace irinta kashi uku ce. Akwai fuska, wato tagar da ke fitowa a allo da gurabun rubutu da maɓallan dannawa. Akwai lissafi, wanda ke aiki a ɓoye idan an danna maɓalli. Akwai rumbu, inda ake adana sunayen kaya, farashi da bashi. Mai koyo yakan ƙare ƙarfinsa wajen ƙawata fuska da launi, alhali kuɗin Alhaji yana cikin lissafi da rumbu.

Da wane yare zan fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma gardamarta ba ta ƙarewa tsakanin samari. Yaren kwamfuta da yawa yake. Akwai Python, wanda wani mutumin Holand mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kyauta ne, rubutunsa gajere ne, kuma yana zuwa da kayan yin taga da maɓalli da ake kira Tkinter, ba sai an nemo wani abu ba. Akwai C# na kamfanin Microsoft, wanda ake aiki da shi cikin Visual Studio, inda mutum ke jawo maɓalli da linzami ya ajiye inda yake so. Yana da kyau ga Windows, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi da babban wuri. Akwai Java, da ya fito a 1995, wanda makarantu da yawa ke koyarwa. Akwai WinDev na wani kamfanin Faransa, da ya yi suna a ƙasashe masu magana da Faransanci saboda ana iya rubuta umarninsa da Faransanci. Akwai kuma Lazarus, kyauta, ga masu son yaren Pascal.

Ga yaron da ke da tsohuwar kwamfuta ta hannu da ƙaramin aljihu, Python ya fi sauƙin shiga. Kada Turanci ya ba shi tsoro, domin kalmomin da yaren ya keɓe ma kansa ba su kai 40 ba. Wani malami ɗan Beljiyam, Gérard Swinnen, ya rubuta littafin koyon Python da Faransanci wanda ake saukewa kyauta, kuma a ciki yana koyar da yin taga. Wanda wani ya ba shi tsohon faifan Visual Basic 6 kuwa, ya sani abin na 1998 ne, kuma Microsoft ya daina kula da kayan aikinsa tun 2008, saboda haka kada ya dasa sabon gini a kansa. Babbar shawara ita ce ya zaɓi ɗaya ya riƙe, domin mai bin zomo biyu ba ya kama ko ɗaya.

A ina bayanan za su zauna?

Mai koyo yakan yi mamaki ranar farko: ya shigar da kaya goma, ya rufe manhajar, ya buɗe, babu ko ɗaya. Dalili shi ne abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura yana gogewa da zarar an rufe, sai wanda aka rubuta cikin fayil. Don kanti ɗaya mai kwamfuta ɗaya, rumbun da ake kira SQLite ya wadatar. Wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fitar da shi a shekarar 2000, kyauta ne, yana zuwa tare da Python, kuma duk lissafin kanti yana zama cikin fayil guda da za a iya kwafa a kile. An gina shi yadda idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko dai cinikin ya shiga duka ko kada ya shiga sam, ba ya tsayawa rabi da rabi.

Cikin rumbun, shafi uku sun isa a fara: na kaya, na masu saye, da na ciniki. Kuma akwai doka ɗaya da tsofaffin ƴan kasuwa suka sani tun kafin a haifi kwamfuta: ba a goge bashi. Idan Hajiya ta ɗauki kayan jikka 20 ta kawo jikka 8, a rubuta sabon layi na biya da ranarsa, a bar na'ura ta fitar da saura. Manhajar da ke goge 20 ta sa 12 ta ɓatar da shaida, kuma ranar da gardama ta tashi babu abin nunawa.

Abin da littafin Turawa ba zai faɗa ba

A nan ne uwa da uba suka zama malamai. Mu ɗauki ƙidayar kuɗi. A kasuwa da dala muke magana: dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jikka ɗaya sefa 1000. Idan mai saye ta ce "ɗari", ta biya 500, yaron kanti kuma ya buga 100 a na'ura, to an yi asarar 400 a layi guda. Dole tun farko a yanke da wace ƙidaya za a shigar da kuɗi, kuma ya fi kyau manhajar ta nuna biyun a allo, sefa da dala. Tun da ba ma aiki da ƙasa da sefa ɗaya, a ajiye kuɗi da cikakkiyar lamba, domin lamba mai waƙafi tana sa kwamfuta ƙananan kurakurai da ke taruwa.

Sai batun Naira. Wanda ke saro kaya daga Kano ko Katsina ta Ɗan Isa, ko ta Magarya da Matamaye, ya san canji na safe ba lallai ya zama na marece ba. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655,957, ita Naira kuwa tana hawa tana sauka. Saboda haka kowane sari a rubuta shi tare da canjin ranar. Idan manhaja ta riƙe canji guda ga dukan shekara, za ta nuna riba inda aka faɗi.

Haka ma awo. Ana sayen gero da buhu a sayar da tiya, ana sayen sukari da katon a sayar da fakiti, ana sayen atamfa da turmi wani lokaci a yanka zane ɗaya. Sai manhajar ta san tiya nawa ke fita cikin buhu a wannan kanti, da abin da ke zubewa, da gyaran da ake ƙara ma mai saye. Ga kuɗin mota, ga duwan, ga ɗan dako, waɗanda in ba a ɗora su a kan farashin sari ba ribar ta zama ta ƙarya.

Sunaye ma suna da tarko. Mutum ɗaya a takardarsa Mahamadou, a bakin mutane Mamman, a kaye kuma an rubuta laƙabinsa. A unguwa guda za a samu masu suna ɗaya su biyar. Kowane mai saye a ba shi lamba tasa. A kuma gwada ko manhajar na karɓar baƙaƙenmu masu ƙugiya, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Idan sun fito kamar alamar tambaya, yaro ya duba tsarin rubutun da ake kira UTF-8.

Duk wannan ba a samunsa sai a bakin mai kanti. Kafin yaro ya rubuta layin farko, ya zauna kanti mako biyu da bik da kaye, ya ga yadda ake ciniki, ya zana tagar a takarda, ya nuna ma mai kayan. In mai kayan bai gane zanen ba, ba zai gane manhajar ba.

Tana aiki a wurina, ta ƙi a kantin Baba

Wannan kuka ne na kowane sabon hannu. Kwamfutar yaro tana da Python, ta kanti ba ta da shi. Maganinsa a ɗaure manhajar da kayanta cikin fayil guda da ake dannawa ya buɗe, kuma akwai kayan aiki na kyauta mai suna PyInstaller da ke yin haka. A kula da shekarun na'urar: yawancin kwamfutocin hannu tsofaffi ne, kuma wadda ke da Windows 7 ba ta ɗaukar Python da ya wuce 3.8. Windows 7 kansa an daina ba shi gyara tun Janairun 2020, saboda haka irin wannan na'ura gara a bar ta ga lissafi kawai, a hana ta yawon intanet. Idan kuma jan rubutu ya fito na kuskure, kada yaro ya firgita ya rufe. Ya karanta layukan ƙarshe, nan ne na'ura ke faɗin abin da ya dame ta da lambar layin da ta yi tuntuɓe.

In na'urar ta mutu fa?

Ƙurar hunturu, zafin bazara, ɗaukewar kuran, ɓarawo, birus da ke bin kile, ko gobara, Allah ya kiyaye, kowannensu na iya cinye lissafin shekara a dare ɗaya. Ba mu manta da wahalar wuta ta 2023 ba, lokacin da aka yanke wadda ke zuwa daga Najeriya. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir ta fi dacewa da kanti, ko kuma a sa ma ta tebur ondular. Kowane marece a kwafi fayil ɗin rumbu a kile biyu, ɗaya ya kwana gida. Lokaci lokaci a gwada buɗe kwafin a wata na'ura, don a tabbata yana da rai. A sa kalmar sirri, domin sunayen masu bashi amana ce. Wanda ya ci bashi a ɓoye bai yarda ƴan unguwa su karanta a allo ba.

Masu manyan harkoki da ke karɓar harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari su kuma lura: hukumar haraji tana da tsarinta na fakitir mai tabbaci, kuma takardar da manhajar gida ta buga ba ta maye gurbinsa. A tambayi ofishin haraji ko kwantabul kafin a dogara da ita.

Rabon iyaye

Alhaji, Hajiya, kada ku nemi yaro ya yi muku komai a tashi ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi. Ku ba shi aiki guda, misali littafin bashi: suna, rana, abin da aka ɗauka, abin da aka biya, saura. Wata uku cur a riƙa rubutawa a kaye da na'ura tare, kowace Juma'a a gwama. In sun yi daidai, a ƙara shafin kaya. In sun saɓa, a bi layi layi har a gano. Ku sa a koya ma mutum na biyu a gidan, kuma ku ce a bar muku kwafin asalin rubutun manhajar, domin yaro na iya tafiya karatu ko ci-rani. Wata sa'a ma za a ga takardar Excel, ko LibreOffice da yake kyauta, ta isa buƙatar kantin, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Idan aikin ya yi kyau, ku biya shi ladansa kamar yadda za ku biya tela ko magini. Yaron da ya iya tsare bashin kantin uwarsa, maƙwabta za su neme shi, mai farmasi da mai sayar da siminti ma haka, kuma in ya je jami'ar Maraɗi, ta Damagaram, ta Tawa ko ta Abdou Moumouni a Yamai, zai shiga aji da abin da ya riga ya taɓa da hannunsa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.