Wasannin bidiyo: abin da ƴan wasa ke yabawa, da abin da ke ɓata musu rai



Duk wanda ya ratsa ta wata fada da dare a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san yadda abin yake. Shayi na kan wuta, samari biyar ko shida sun sunkuyar da kai, kowa ya kwantar da salula cikin hannu biyu, can sai ka ji wani ya ƙwala ihu kamar an yi kaye a filin kokowa. Yanzu abin ya kai har ƙauye. Duk inda aka kafa panno ana cajin waya, za ka tarar da yaro yana jiran batir ya cika ya koma wasa. Sau da yawa ma wayar wani yaya ne ya aiko ta daga waje, don a riƙa gaisawa ta WhatsApp.

Iyaye kan haɗa su duka su ce "wasan waya". Su kuwa masu bugawa sun san ba ɗaya ba ne. Suna gardama a kansu kamar yadda dattawa ke gardama kan ƴan kokowa. Mun ga ya dace mu shimfiɗa muku abin da suke yabawa da abin da suke kuka da shi, don kowane wasa akwai abin da yake ci: wani lokaci yake ci, wani mega, wani kuwa kuɗi tsaba.

Ƙwallo: tsohuwar gardamar PES da FIFA

Wannan gardama ta girmi yawancin yaran da ke yin ta. Ta faro ne tun zamanin PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, a ƴan shagunan da ake biyan ƴan daloli a buga maci ɗaya a gaban tele.

PES na kamfanin Konami ne na ƙasar Japan. Masoyansa na cewa a cikinsa ƙwallo tana da nauyi kamar ta gaske, sai ka iya fas, ka iya haƙuri, kafin ka ci. Aibinsa da kowa ya sani shi ne sunaye. Da yake kamfanin bai sayi izinin manyan kulob da yawa ba, shekara da shekaru Manchester City tana fitowa da sunan Man Blue, Real Madrid kuma MD White. A 2021 aka sauya masa suna zuwa eFootball, aka mai da shi na kyauta. Fitowar farko ta zo da kurakurai har duniya ta yi ta yi masa dariya, fuskokin ƴan wasa a karkace, ƙwallo tana yin abin da ta ga dama. An gyara daga baya, kuma yau yana cikin waɗanda aka fi bugawa a salula.

FIFA kuwa na kamfanin EA ne na Amurka, ya fara fitowa a 1993. Ƙarfinsa shi ne sunaye na gaskiya, riguna na gaskiya, filaye na gaskiya. Bayan kamfanin ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, tun 2023 ana kiran wasan EA Sports FC, ko da yake a bakin samari har gobe FIFA ne. Kukan masu buga shi biyu ne. Na farko, kowace shekara a fito da sabo, a sayar da tsada, alhali bambancinsa da na bara bai taka kara ya karya ba. Na biyu, da yawa sun yi imani cewa wani lokaci na'urar ce ke zaɓar wanda zai ci, ka kai hari ashirin ƙwallo tana bugun ƙarfe, abokin karawa ya zo sau ɗaya ya zura. Kamfanin ya musanta haka. To amma wanda aka ci a minti na casa'in, wa zai iya lallashinsa?

Mai ƙaramar waya yakan koma Dream League Soccer. Ba shi da nauyi, kuma akwai sashen da ake bugawa ko babu rezo. Abin da ake kushe masa shi ne yawan talla, kuma in ka daɗe kana bugawa sai ka gane duk dabarar na'urar, daɗin ya ragu.

Akwai kuka ɗaya da ya haɗa su duka: ba za ka buɗe wasa ka tarar da kulob ɗinmu na gida ba, irin su Sahel ko AS FAN. Wasu masu ƙwazo kan zauna a tsohon PES su ƙirƙira su da hannu, suna da riga da komai.

Free Fire da PUBG: wayarka ce ke zaɓar maka

Waɗannan biyun tsarinsu ɗaya. Ana sako ƴan wasa daga jirgin sama da lema a kan wani tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta ƙanƙancewa, wanda ya rage shi ya ci.

Free Fire na kamfanin Garena ne na Singafo, ya fito a 2017. Mutum 50 ke shiga, kuma cikin kamar minti goma an gama. Babban abin da ake yaba masa shi ne ba ya raina waya. Ƙaramar Tecno ko Itel ma takan ɗauke shi, shi ya sa ya bazu a ƙasashen da yawancin jama'a ba su da babbar salula. Ana kuma yabon yadda abokai huɗu ke haɗa ƙungiya suna magana da murya, ɗaya a Tasawa, ɗaya a Yamai, ɗaya can Abijan. Ga wasu ƴan bida, nan ne suke hira da ƙannensu.

Aibinsa fa? Masu bugawa da kansu na cewa mai kuɗi ya fi morewa. A cikin wasan akwai wani kuɗi da ake kira dayamon, da shi ake sayen tufafi, kwalliyar bindiga da jarumai masu wata baiwa ta daban. A ƙarshen 2020 an fito da wani jarumi mai suna Chrono, da siffar Cristiano Ronaldo, wanda ke kafa garkuwa kewaye da kansa. Ƙorafi ya yi yawa cewa ya fi ƙarfin kowa, har sai da kamfanin ya rage masa ƙarfi.

PUBG Mobile ya fito a 2018. Mutum 100 ke shiga, fili ya fi girma, hoto ya fi kyau, kuma wasa ɗaya kan kai rabin awa. Masoyansa na cewa a nan ne ake gane gwani, don abin da ake saye da kuɗi yawanci ado ne, ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi. Suna ma tsokanar ƴan Free Fire da cewa wasan yara suke yi. Sai dai PUBG yana son babbar waya. A ƙarama sai ta yi ta sarƙewa, ta yi zafi kamar dutsen guga, batir ya zube tun ba a je ko'ina ba. Inda caji sai an biya, ko an jira kuran ya dawo, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Abin da ya fi ƙona ran kowa shi ne rezo. Ga yadda abin yake. Duk lokacin da ka danna harbi, saƙon sai ya tafi wata babbar kwamfuta da ke wata ƙasa mai nisa, sannan amsa ta dawo. Wannan zuwa da dawowa shi ake kira fing, ana kuma ganin lambarsa a gefen fuskar waya. In lambar ta yi sama, kai kana ganin ka riga ka ɓuya bayan bango, alhali a wajen babbar kwamfutar har yanzu kana tsaye a fili. Sai ka ga an kashe ka ba ka san hawa ba, ba ka san sauka ba. Yaron ƙauye da ke kan rezo mai rauni ba rashin iyawa ke kayar da shi ba, nisa ne.

Game da mega kuma, a lura: buga wasan kansa bai cika ci da yawa ba. Saukar da shi, da sabuntawar da ake tilastawa lokaci-lokaci, su ke lashe forfe gaba ɗaya.

GTA, lido da Candy Crush

GTA San Andreas ya fito tun 2004, amma har yau yana nan a shaguna da wayoyi. Daɗinsa, in ji masu yi, shi ne ƴanci: gari guda a buɗe, ka tuƙa mota, ka hau babur, ka tashi jirgi, ba ka bukatar intanet. Amma iyaye su sani, labarinsa na ƴan daba ne, da sata, da kisa, da batsa. A Turai lambar 18 aka manna masa, ma'ana ba na yara ba ne. Wannan lamba tana jikin kwali, wasannin waya kuma ana rubuta tasu a shafin da ake saukar da su. Ko wanda bai yi lakwal ba yana iya gane ta.

Ludo King, wato lidon waya, daga Indiya ya fito a 2016. Shi ne wanda ya shiga cikin gida sosai, mata da maza, manya da yara, mutum huɗu a kan waya guda, ba sai da rezo ba. Kukan da ake yi da shi: talla, da zargin cewa shida tana son wani tana ƙin wani. Haɗarinsa na gaskiya kuwa shi ne ranar da aka fara ɗora kuɗi a kai. Daga nan ya tashi daga wasa ya koma caca, kuma haka abin yake ga macin ƙwallon da ake zubawa a shago.

Candy Crush na 2012 ne. Ba jini, ba faɗa, alawa kawai ake jerawa. Amma dubi dabarar: ana ba ka rai biyar, in sun ƙare sai ka jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo, ko kuwa ka biya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Nan ne zancen yake. Free Fire, PUBG, eFootball, Candy Crush, duk kyauta ake saukar da su. To da me kamfanonin ke biyan ma'aikata? Da talla, da kuma ƴan saye-sayen cikin wasa. Mafi wayo a ciki shi ne akwatin sa'a: ka biya, a juya, ba ka san abin da zai fito ba. Wataƙila babban ɗan wasa, wataƙila tarkace. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne, kamfanoni da dama suka janye su daga ƙasar.

Mu yi lissafi irin na gida. Yaron da ke kashe dala ashirin kullum, ko a shago ko a mega, a wata ya kashe jika uku. A shekara, jika 36 da dala ɗari. Kowane magidanci ya san tiya nawa ta hatsi ke nan lokacin bazara.

Akwai kuma ƴan damfara. Duk shafin da ya ce zai ba ka dayamon kyauta in ka rubuta lambar sirrinka ta Facebook ko ta Google, ɓarawo ne. Ba wasan kaɗai zai sace ba, har shafin naka, sannan ya shiga roƙon ƴan uwanka kuɗi da sunanka.

Yaushe wasa ke zama ciwo?

Ba za mu ce muku wasannin nan ba su da amfani ba. Suna koyar da saurin tunani da aiki tare, yara na tsintar Faransanci da Ingilishi a ciki, tunda babu Hausa, kuma saurayin da ke zaune a fada yana buga ƙwallo ya fi wanda ba a san inda ya kwana ba. Mu ma da dara da langa muka tashi, an kuma sha yi mana faɗa a kansu.

Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Ba yawan bugawa kaɗai take nufi ba. Alamu uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci har tsawon wata 12. Ƙasar Sin ma a 2021 ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako. Mu a nan ba wata doka da za ta shigo ɗaki ta karɓe waya. Aikin na gida ne.

Don haka ga ɗan abin da muke gani. Uba ko uwa, kada ku tsaya ga "aje wayar nan". Ku tambayi yaro sunan wasan, ku ce ya nuna muku, ku duba lambar shekaru. Ku sani cewa Free Fire da PUBG ba a tsayar da su a tsakiya, don da mutane na gaske ake yi. Ya fi sauƙi a ce "in wannan ya ƙare, shi ke nan" da a fizge waya ana cikin yi. A sa lokaci: bayan aikin gona, bayan karatu, ba tsakar dare ba, balle ga mai shirin BEPC ko BAC.

Ku kuma ƴan uwa na waje, da guminku ake sayen wayoyin nan. In za ku aiko wa ƙane salula, kada ku bar katin bankinku a haɗe da ita. In ya ce a turo na mega, ku tambaya na mene ne. Ba rowa ba ce, kulawa ce.

Samari kuwa, ku kuka fi kowa sanin aibin wasanninku, daga bakinku muka ji. Wanda ya iya gane cewa na'ura tana yi masa wayo a minti na casa'in, ai zai iya gane lokacin da take yi wa aljihunsa wayo.

Muna jiran ra'ayoyinku a shirinmu na matasa. Wane wasa ake bugawa a fadarku, me kuka gani a cikinsa, me ya ci muku? Sai mun ji daga gare ku.