Tsaron Lafiya da Mutuncin Ma'aikatan Kantin Magani

A yawancin unguwanninmu, mai kyamis shi ne ma'aikacin lafiya na farko da majinyaci yake gani. Ƙofarsa a buɗe take, ba maigadi, ba yankan kati, sau da yawa har bayan sallar lisha. Wannan sauƙin isa gare shi kuwa shi ne ke jefa shi cikin haɗari. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna inda cin mutuncin da ake yi masa yake tasowa, da kuma yadda za a kare shi.

Jama'a na kiran mutum iri biyu da sunan mai kyamis. Akwai masanin harhaɗa magunguna wanda ya yi digiri, akwai kuma mai lasisin sayar da ƙananan magunguna waɗanda ba sa bukatar takardar likita. Dukansu suna ƙarƙashin Majalisar Kula da Sana'ar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Sai kuma yaran kanti, maza da mata, waɗanda su ne suka fi daɗewa a bayan kanta, su ne kuma suka fi shan zagi.

Idan aka lura, rigima ba ta cika tashi ba sai a lokacin da ma'aikaci ya ce a'a. Watau ana far masa ne daidai sa'ad da yake yin abin da doka ta ɗora masa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan ƙwayoyi irin su tiramol ba don jinya ba, miliyan 2.4 kuma suna shan maganin tari don maye. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC. To amma doka a Abuja aka sanar da ita, wanda zai dubi idon mashayi ya faɗa masa babu, yaron kanti ne.

Ba mashaya kaɗai ba ne. Akwai uban da ya ɗauko takarda daga asibiti, ɗansa na numfashi da ƙyar, aka faɗa masa kuɗin da ya ninka abin da ke aljihunsa. Irin wannan ta yawaita tun 2023, shekarar da darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya sanar da daina sayar da magungunansa kai tsaye a ƙasar. Fushin mutumin nan abin fahimta ne, sai dai yana sauka a kan wanda bai yanka farashin ba.

A nan ne al'ada take ƙara wa abin nauyi. An tarbiyyantar da ɗan Bahaushe a kan kunya da kara. Abu ne mawuyaci yarinya 'yar shekara ashirin ta hana sa'an mahaifinta rabin ƙwayoyin da ya nema, ko ta ƙi ba shi bashi. In ta hana, a ce ba ta da tarbiyya. In ta bayar, ta karya doka. Mafi muni shi ne maigidan kanti ya fito ya ba mai zagin haƙuri a gabanta, ya kuma miƙa masa abin da ta hana. Daga ranar, unguwa ta gane cewa tsawa tana buɗe durowa.

Saboda haka kariya ta gaskiya ita ce a ɗauke nauyin wannan a'a daga wuyan ma'aikaci guda. Waɗansu ƙasashe sun koyi haka da tsada. A watan Yuni na 2011, wani mutum ya harbe mutum huɗu a wani kantin magani a Medford ta jihar New York, domin ya kwashi ƙwayoyin kashe zafin ciwo. A 2015 lardin British Columbia na Kanada ya wajabta wa kantuna ajiye irin waɗannan magunguna cikin sef mai jinkirin buɗewa, tare da manna sanarwa a ƙofa. Hikimar ita ce, ko an ɗora wa ma'aikaci wuƙa a wuya, ba shi da ikon buɗewa nan take, ɗan fashi kuma ya san haka tun kafin ya shigo.

Ƙaramin kanti ba zai iya sayen irin wannan sef ba, amma yana iya aron dabarar. A rubuta sunayen magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita, da boko da ajami, a kafe inda kowa zai gani, yadda yaro zai nuna allo ya ce ba daga gare shi ba ne. Kada a bar mutum ɗaya shi kaɗai da dare, a kuma riƙa miƙa magani ta taga in dare ya yi. Maigida ya faɗa wa yaransa ƙarara cewa in an zo da makami su miƙa kaya, ba zai cire ko kwabo daga albashinsu ba.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta amince a 2022 da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi cin zarafi a wurin aiki, har da wanda masu sayayya suke yi, har da ma'aikatan da ba su da takardar ɗaukar aiki. Sai dai abin da ba a rubuta ba, ba a kai shi ƙara. Kantuna nawa ne suke da littafin da ake rubuta ranar da aka yi barazana, da lokacin, da maganin da aka nema? Da irin wannan littafi ne masu kyamis na unguwa ɗaya za su iya zuwa gaban mai unguwa ko baturen 'yan sanda da hujja a hannu, tun kafin zagi ya kai ga sara.