Shin Ko Kun San? Fiza, Gurasa da Ruwan Tiga

Shin ko kun san cewa fiza, gurasar nan ta Italiyawa da yaran birni ke yin odarta ta waya, abincin talakawa ce tun asali? A birnin Napoli, inda Victor Osimhen ya ɗauki kofin Seriya A a 2023, leburori ne ke sayenta a bakin titi, su naɗe su ci a tsaye. Har yau ta Napoli ba ta wuce daƙiƙa 90 a tanda, don zafin wutar itacen ya haura digiri 400. A 2017 UNESCO ta sa sana'ar masu gasa ta cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

Ko kun san da ta ƙetara Amurka kowane birni ya juya ta yadda ya ga dama? Ta New York, inda aka buɗe shagon Lombardi's a 1905, siririya ce mai faɗi. Ta Shikago, wadda Pizzeria Uno ya fito da ita a 1943, zurfi gare ta kamar kasko, cuku a ƙasa, miyar tumatir a sama, ba ta ciwuwa sai da cokali mai yatsu. Ta Detroit kuwa kusurwa huɗu gare ta, domin a 1946 an fara gasa ta ne a farantan ƙarfe irin na masana'antar motoci. Mai abarba, wadda Italiyawa ke gani su kau da kai, a Kanada aka ƙirƙiro ta a 1962, kuma ɗan asalin Girka ne, Sam Panopoulos, ya yi wannan aika-aika. Da kamfanin fiza na Domino's ya buɗe a Legas a 2012, bai daɗe ba ya sa mai tsiren kaza a jerin kayansa.

To, shin ko kun san Kano ma tana da nata salon, tun kafin a ji sunan fiza? A Jakara da Chediyar 'Yan Gurasa, mata ke kwaɓa ƙullu da yis, su bar shi ya tashi, su manna a jikin tanderu mai zafi, sannan dillalai su loda a kwanduna su bazu cikin gari. Daga nan hanya ta rabu. Mai bandashe zai ɗan tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Mai tsire zai ɗumama ta a gefen wuta ta sha maiƙon nama. Mai balangu romo yake yayyafa mata. A gida kuma miyar taushe ce abokiyar tafiyarta, musamman da azumi. A ganina bandashe mai isasshen ƙuli bai bar wa ta Shikago komai ba, ga kuma sauƙin kuɗi.

Ko kun san alkama da tumatir, ginshiƙan fiza, duk ana noma su da ruwan da ke kwance a ƙaramar hukumar Bebeji? Madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ita ke tare kogin Kano bayan ya ratso dajin Falgore ta wajen Doguwa da Tudun Wada. Daga can magudanai ke kai ruwan gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Alkama sai da sanyin hunturu take yi, shi ya sa ake shuka ta wajen Nuwamba a girbe wajen Maris. Tumatirin kuwa a Kwanar Gafan ake loda shi, manyan motoci su bi ta Kwanar Ɗangora a Kiru su nufi kudu.

Cuku ne ya bambanta mu. Mozzarella ta asali da madarar ɓauna ake yinta a kudancin Italiya, mu kuma nononmu ya fi tafiya a fura da man shanu.

Shin ko kun san duk da ruwan Tiga, mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita? Saboda haka duk ranar da dala ta tashi, buhun fulawa ya bi ta, gurasar Jakara sai ta ƙanƙance.